Haolin, Fankarka Tana Nan Tana Juyawa

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Meng Haolin a asibiti nan Cienfuegos, bayan gajeriyar jinyar zazzaɓin dengue, wanda sauro ke kawowa. Shekarunsa ashirin da huɗu. Daga ƙasar Sin ya zo mana Cuba koyon gyaran na'urorin asibiti, ni ce kuma, Odalys Quiñones, na koya masa Sifaniyanci a shekararsa ta farko. Na sha rubuta ta'aziyyar abokan aiki, tsofaffi irina, ban taɓa zaton zan rubuta ta yaron da na yi jika da shi ba.

Haolin, ban manta ranar da motar makaranta ta sauke ku ba. Kowa na jan akwati, kai kuwa ka rungume tukunyar lantarki ta dafa shinkafa, ga wata 'yar fanka shuɗiya a hammata. Daga baya, da bakinka ya fara buɗewa, ka ce min mahaifiyarka ce ta haɗo ka da tukunyar, wai ta ji labarin ba mu iya dafa shinkafa ba. Ranar na ji haushi ƙwarai. Da na ci taka sai na ja bakina na yi shiru.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: a ajin nan kai ne na ƙarshe. Wata da watanni ina fama, harshenka ya ƙi lanƙwasuwa. Sai ka sayi ƙaramar rediyo, ka liƙe wa masu sharhin wasan ƙwallo, ka haddace maganarsu kaf. Ƙarshenta ka iya yaren, amma da ihu ka iya shi. Ko burodi ka je saye, sai mai shago ta dafe ƙirji ta ce, "Kai ɗan Sin, a hankali mana, ba a filin wasa muke ba!"

Mijina Rigoberto ya yi shekara talatin yana shaƙar ƙurar siminti, ya ɗora da taba, har huhunsa ya gaji. Da wani tsohon injin iska yake numfashi, wanda ƙanena ya aiko mana daga waje, robarsa kullum tana hancinsa. Ranar da injin ya fara zafi yana kashe kansa, na zaga gari da shi a keken haya. Duk inda na je magana ɗaya ce: babu kayansa a ƙasar nan, a jira. Mutumin da numfashinsa ba ya kai shi ƙofar banɗaki, me zai jira? Na shiga aji idona a kumbure, ka tsaya bayan an tashi, ka tambaye ni da wannan muryar taka ta rediyo, "Malama, wa ya mutu?" Na ce ba kowa tukuna.

Da yamma ka zo gidanmu da 'yar jakarka. Ka zauna a ƙasa, ka kwance injin, ka kara kunnenka a jikinsa, ka ce mu ba ka zuwa gobe. Washegari injin ya tashi. Na tambaye ka inda ka samo kayan, ka ce, "Bola, Malama. Makarantarmu cike take da matattun injuna." Na yarda, don ina son in yarda, kuma don a garin nan ba a cika tambayar mutum inda ya samo abu ba.

Tun daga nan ka zama ɗan gida. Kowace Lahadi ka zo ka ci shinkafa da baƙin wake, ka yi ƙorafin mun cika mata mai da gishiri, sannan ka ƙara faranti. Ku zauna wasan domino da Rigoberto, yana lallasa ka yana tsokana: "Ɗana, ka iya gyaran inji, ka gyara wasanka mana." Kai kuma ka ce, "Baba, ka yi ta baki, iskar da kake zagina da ita ai tawa ce." Mu yi ta dariya. Injin ya sake tsayawa sau biyu ko uku bayan haka, kowane karo ka dawo da wani abu a aljihu, ka ce daga bola.

Bayan rasuwarka, Jiali, 'yar ajinku da za ta raka tokar gawarka gida bayan an ƙona ta bisa al'adarku, ta roƙe ni in taya ta haɗa kayanka. Na ɗaga tukunyar shinkafar, na ji ba nauyi. Na kifa ta, an kwance gindinta, cikin fayau. Rediyon nan babu lasifika. Fankar kuwa keji ne kawai a kan ƙafa, ba injinta, ba fukafukai. Jiali ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ya hana mu gaya miki. Fankar ita ke sanyaya injin Baba. Lasifikar ita ke kuka in wuta ta ɗauke. Abin da ke hana shi ƙonewa daga tukunyar ya ciro." Na ce to da me yake kwana a zafin nan? Ta ce taga yake buɗewa.

Kowa a garin nan ya san abin da fanka take yi wa mai barci: ita ke kore masa sauro. Likitoci sun ce min in daina wannan tunani, wai sauron dengue ko da rana yana cizo, ko a titi, ko a aji. Na ji su. Amma ni na ga kejin nan da idona, na ga tagar, kuma na koma gida na tarar da mijina yana barci da iskar fankarka. Haolin, me ya sa? Wa ya ce maka tsoho mai shekara saba'in ya fi ka? Ina fushi da kai, wallahi ina fushi, kuma ban san inda zan kai fushin ba.

Sai ga kiran mahaifiyarka a wayar Jiali, ita ke fassara mana. Abu ɗaya ta roƙa. A wajenku ana ƙona wa mamaci kayansa, don su bi shi, kada ya je can ya rasa abin amfani. Ta ce a aiko mata da komai naka, kada a bar ko allura, musamman tukunyar da fankar, don ɗanta ba ya jure zafi kuma ba ya cin shinkafar kowa.

Rigoberto yana jin haka ya zare robar daga hancinsa. "Ki kashe shi, Odalys, a ciro wa yaro kayansa. Na sha iskata, ta ishe ni."

Na ce, "Mayar da robar nan kafin ranka ya ɓaci, tsohon banza." Da hannuna na mayar masa, ina kuka yana ture ni, leɓɓansa har sun fara canza launi.

Ban ɓoye wa mahaifiyarka komai ba. Na ce Jiali ta gaya mata inda kayanka suke, da abin da zai faru in an cire su, da batun tagar. Da ta gama ji, sai ta ce a kara wayar a jikin injin. Ta saurara, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Ita ce, fankarsa. Tun yana sakandare take wannan 'yar ƙarar." Muka ji tana jan hanci. Ta ce, "Malama, ku bar ta ta yi ta juyawa. Ranar da ta tsaya, ki aiko min da ita."

Tun Juma'ar da ta wuce injin ya fara wata ƙara da ban san shi da ita ba. Abokanka sun zo, har da malaminku, sun buɗe, sun duba, sun rufe. Sun ce yadda ka haɗa shi babu a littafi, suna tsoron su taɓa wani abu ya tsaya gaba ɗaya. Yanzu ni ke zama a ƙasa inda kake zama, in kara kunnena kamar yadda kake yi, ban kuwa san abin da nake saurare ba. Na koya maka yarena kaf, ga shi ba ni da kalma ɗaya da zan kira ka da ita ka amsa.

Allah ya jiƙanka, ɗana. Allah ya sanyaya makwancinka, ya ba ka inuwa da iskar da ka hana kanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Gao Shufen, da dangi baki ɗaya, da Jiali da sauran 'yan ajinku. Allah ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu. Ke kuma 'yar'uwata, uwar Haolin, na yi miki alkawari fankar za ta zo hannunki, ni da kaina zan naɗe ta. Ki yafe min, domin safe da yamma roƙon da nake yi wa Allah shi ne ki daɗe kina jira.