Ƙasar da ke Gwiwar Ƙanena

Ciwon nan bai yi mini sallama ba. Da fari rawar hannu ce, sai tafiya ta koma jan ƙafa, baya ya ranƙwafe kamar mai neman allura a ƙasa. Likitan da nake gani a Sabon Gari ya ce daga ƙwaƙwalwa ne, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Faɗuwa ce ta fi ci mini rai. Ina tsaye lafiya lau, wani ya ɗan goge ni, sai in tafi da baya.

A haka Inna ta rasu, a gidanmu na Fagge. Ni ne babba, ni na zauna da ita har ƙarshe. Ƙanena kuwa yana Kaduna, daga salla sai salla muke ganinsa. Ya iso da hantsi, ya diro daga mota yana taku ɗai-ɗai. Ban taɓa yi masa hassadar gida ko mota ba, amma ranar nan ƙafafunsa kawai nake kallo.

Da aka sallace ta, maza suka fara karɓa-karɓar makara. Na kai kafaɗa, sai kawunmu ya riƙo hannuna.

"Haba ɗana, bar wa yara."

Yara! Ƙanen nawa da furfurarsa. Shi ya ɗauki gaba, ni aka cusa ni a adaidaita sahu, na bi uwata a baya kamar ɗan rakiya.

A maƙabarta aka ce 'ya'yanta su shiga su karɓe ta. Abin da nake ta jira ke nan. Ƙanena ya sauka ko dafa wani bai yi ba. Na matso bakin kabarin, ƙafafuna suka kafe, jikina ya fara rinjaya.

Ya ɗago ya dube ni. "Yaya, miƙo hannu, zan tare ka."

Na san in na sauka, a kanta zan faɗi.

"Karɓe ta kai," na ce.

Shi ya kwantar da ita ta dama, shi ne na ƙarshen taɓa ta. Mutane na addu'a, ni ina kishin ɗan'uwana a bakin kabarin uwarmu, Allah na tuba.

Ya fito gwiwoyinsa duk jar ƙasa, rigata kuwa fes. Ya sunkuya zai kakkaɓe, na damƙi hannunsa da wannan hannun nawa mai rawa.

"Bari," na ce. "Ɗan shafa mini ƙasar a rigata tukuna."