Mutum na Goma

Kakata Iya ba ta iya tatsuniya ba, gara in faɗa tun yanzu. Muna zaune a unguwar Uhudu, a birnin Manzon Allah, a shekarun da nake firamare. Idan sanyi ya shigo, bayan magariba sai ta sa a hau da kaskon garwashi saman bene, ta ɗora butar shayi, ta tara ni da ƙanena Anas. Anas yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ni kuwa jira nake ta gama in sauka.

Maimakon ta ce ga ta nan, sai ta ce, "Ku matso, wannan da idona na gan ta." Daga nan mun san Amurka za mu.

Tana amarya ta bi kakanmu can, lokacin yana karatun haɗa magunguna. Sunan garin bai taɓa zama a bakinta ba, kullum "garin nan mai ƙanƙara" take cewa. Sun kama haya a unguwar Yahudawa, a gidan wani tsoho da ta raɗa wa Malam Isiyaku.

"Gajere ne kamar turmi," in ji ta, "amma wai da ƙuruciya shi ne gwanin ƙwallon kwando na unguwar."

"Gajere? Iya, ƙarya ne."

"Ke uwar gaggawa, hotonsa na nan a bango, ni na share masa ƙura."

A ƙarƙashin ɗakin ibadar Yahudawan akwai wani zaure, nan samarin unguwar suke wasa a da, 'ya'yan teloli da mahauta. Sun sha doke ƙungiyoyin manyan unguwanni, har mata suna rufe shaguna su zo kallo. Lokacin da Iya ta je, duk wannan ya wuce. Masu hali sun tashi sun koma bayan gari, zauren ya zama wurin ajiye kujeru. Cikin 'yan wasan saura mutum biyu, Malam Isiyaku da amininsa, wanda yake miƙa masa ƙwallo.

Sai aminin ya mutu, bai bar ɗa ba.

A addininsu akwai addu'ar da ake yi wa mamaci, kuma ba ta yiwuwa sai maza goma nasu sun taru. Malam Isiyaku ya sa babbar rigarsa ya shiga ƙanƙara, gida gida. Ya ɗauko wani a keken guragu. Ya taso wani daga shago. Ya buga wa 'ya'yan tsofaffin abokansa waya, wannan ya ce aiki, wancan ya ce nisa. Aka taru a falonsa aka ƙirga, tara.

"Kakanku ya kasa haƙuri," in ji Iya. "Ya sa hularsa ya sauka, ya ce ga shi, a cika da shi. Shi a tunaninsa kamar jana'izarmu ce, duk wanda ya zo ya shiga sahu."

Tsohon ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce ya gode, amma kakanmu ba ya cikin lissafi. Kakanmu ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Suka jira har duhu, kowa yana kallon titi. Ba wanda ya zo. Suka watse.

"Sai me?" na ce.

"Shi ke nan."

"Ba a yi addu'ar ba?"

"Ranar dai ba a yi ba. Angona, miƙo min kofin nan."

Anas ya miƙa, ya ce "miskin", wato tsohon abin tausayi ne. Ni haushi na ji. An zaunar da ni cikin sanyi a kan labarin da ba shi da ƙarshe.

Iya ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Aka kai ta Harami, masallacin Annabi, aka jera ta da wasu gawarwaki, bayan la'asar aka yi shelar sallar mamata. Ina ɓangaren mata. Dubban mutane suka miƙe, 'yan Turkiyya, 'yan Indonesiya, wata ma kusa da ni tana ta kuka ba ta san wa take yi wa ba. Kowa ya ce Iya ta dace, kuma na yarda ta dace.

Ban yi kuka ba. Ina tsaye na kama kaina ina lissafin waɗanda suka san sunanta a duk masallacin. Baba, Umma, Anas, ni, da abokan aikin Baba biyu daga unguwar Sultana. Na sake bi ko na tsallake wani. Liman ya yi sallama, matar kusa da ni ta nemi in matsa ta wuce, na matsa.