Akushin Kaka a bayan gilashi

Na gano akushin gidanmu, jama'a, yana ƙasar Turawa cikin akwatin gilashi. Da ragowar datata na gano shi, ina kwance a hostel ɗin poli a Ƙauran Namoda ina haɗa asamen kan kayan tarihi.

Ga yadda abin yake. Kakata ta wajen uba, a Dauran, tana da wani baƙin murfin itace da babu akushinsa. Tun muna yara take cewa wani Bature mai rangadi ya ɗauke akushin ranar da aka binne kakanta, da sauran tuwon sadaka a ciki. Ba a ma haife ta ba lokacin, uwarta ta ba ta labari. Baffannina kan ce tsufa ne, mu kuma mu yi ta dariya.

To ina ta latsa hotunan wani gidan tarihi sai ga akushi mai tsaga a baki, an ɗinke da jar waya, irin ɗinkin murfin Kaka sak. A ƙasa an rubuta wai kyauta ce daga mutanen yankin, ba a san mai shi ba. Kyauta fa.

Ranar Asabar na ɗare mashin sai Dauran, bakina har kunne.

"Tsohuwa, yau za ki biya tukuici."

"Angon banza, ko goro ba ka kawo min ba. Mi ka samo?"

Na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Juya shi. Akwai ƙuna a gindi, kamar sawun akuya."

Ban ma san akwai hoto na biyu ba. Na ja yatsa, ga ƙunar nan. Baffana da ke tsaye ya cire hula ya mayar.

Ina jiran guɗa, sai ta ce, "A buɗe suka aje shi?"

"E mana, don a gani."

"Tun wancan zamani?"

A gidanmu ba a barin akushi ya kwana a buɗe, sai dai a rufe ko a kife, don kada wanda ba a gayyata ba ya ci. Balle na sadakar mamaci.

"Wa ka ci a ciki duk shekarun ga?" ta ce a hankali.

Tun ranar ba ta cin abin kirki. Murfin na kan cinyarta, tana shafawa. Na ce za mu yi ta surutu a intanet har a maido shi, ta ce ita ba ta ce a maido ba, ya saba da can. A kife shi kawai.

Na tura wa ma'aikatan gidan tarihin saƙo, shiru. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, ko zai kai ga mai riƙe da makullin gilashin nan. Ya kife shi, ya turo hoto in nuna mata.