Hannuna ya yi ƙasa

Har yau in na ji cokali yana kaɗa sukari a kofi, sai gabana ya faɗi.

Ina shekara goma sha ɗaya na raka Kaka daga Djougou zuwa asibiti a Parakou, don ni kaɗai ce 'yar lakwal, mai karatun boko, a gidanmu. Ciwon sukari gare shi. Da likita ta gama rubuta magani, sai ta sa ni maimaita kalmomi biyu na Faransanci gaɓa-gaɓa: i-per-gli-se-mi, i-po-gli-se-mi. A kunnena duk ɗaya ne. Ta ce gli zaƙi ne, emi kuma jini. Ta ɗaga hannu sama, iper, zaƙi ya hau. Ta sauke shi ƙasa, ipo, zaƙi ya sauka. "In yana gumi yana karkarwa, ipo ne. Ki ba shi sukari."

A gida kuwa abu guda aka riƙe: Kaka da sukari har abada. Goggo ta kulle kwalin a akwatinta.

Azumi ya zo cikin zafi. Tsohon nan, da taurin kansa, ya sha magani da sahur ya ɗauka. Bayan la'asar yana zaɓen goro, na ga ganyen goron yana rawa a hannunsa. Gumi sharkaf, magana ba kan gado.

Na ce, "Goggo, ipo ne, a ba shi sukari."

"Iper ɗin ai shi muke gudu. Kashe mana uba za ki yi?"

Wallahi sai na rikice. Po ne ko per? Ka san tsoro, harshena ya cakuɗa su. In na kuskure gaɓa ɗaya, ni na kashe shi. Na rufe ido, na ƙyale bakina, na bar hannuna ya tuna. Ya yi ƙasa.

Na fizge makullin akwatin daga bakin zanen Goggo, rashin kunyar da ban taɓa yi ba. Na ɗebo sukari na kaɗa a ruwa, na kai masa kofin baki, ya haɗiye da ƙyar. Goggo na tsaye a kaina, ko motsi ba ta yi. Can ya dube ni sosai, ya ce, "Wa ya karya min azumi?"

Yanzu 'yata waya take latsawa, wayar ta faɗa mata kowace kalma daidai. Ni dai da na gaji ciwon, da hannu na koya mata. Goggo ba ta taɓa ce min na yi daidai ba. Amma ranar da za a yi mata wankan gawa, Kaka ya daɗe a ƙasa, mai ciwon da ta rage a gidan ni ce, sai ga ƙwayar sukari biyu ƙulle a bakin zanenta.