Hulbar Inna Hajjo da Ƙwayar Ayuba

Da asuba, ana fitowa daga masallaci, Inna Hajjo tana tace hulbar da ta jiƙa. Ni mai faci ne a bakin iyaka, rumfata tana kallon tata, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Ƴar Farfaru ce. Da mijinta ya rasu sai ta dawo Magama da tukwanenta, tana sayar da jiƙon ƴaƴan itatuwa: hulba, habbatussauda, ƴaƴan zogale. Shekarar da aka fara Shari'a aka rufe gidajen giya, kasuwarta ta buɗe. Direbobin da ke jiran kwastan su sake su duk suka koma wurinta, kofi bayan kofi. Ba ta iya tallan baki ba. Ta zuba maka, ka sha, ka matsa.

Cikinsu akwai Ayuba, Kirista daga kudancin Kaduna, mai jan babbar mota zuwa Maraɗi. Hawan jini ya kama shi. Asibiti suka ba shi ƙwaya, yana sha kullum, amma jiri bai bar shi ba. Wata rana ya kusa afka wa shingen duwan, wato kwastan na Nijar, mai motar ya karɓe makulli, ya ce sai ya ga lafiya. Ayuba yana da iyali, ba shi da wata sana'a sai tuƙi.

Inna Hajjo ce ta tsare shi.

"Ɗan nan, ka gaya wa sistar asibitin kana shan hulbata?"

"Haba Inna, in je in ce mata ina shan na gargajiya? Faɗa za ta yi mini."

"Ƙato da kai, kana tsoron yarinya. Tashi mu je."

Haka muke duka a nan, mai shan jiƙo ba ya faɗa a asibiti. Ita kuwa ta ɗauki tukunyar a kai, ta tasa shi gaba. Na bar taya a buɗe na bi su, wasu direbobi ma suka biyo mu suna dariya.

Sista Prisila, ma'aikaciyar jinya, ta tsoma cokali ta ɗaga. Ruwan ya biyo cokalin da yauƙi kamar miyar kuɓewa.

"Da me kake haɗiye ƙwayar, Malam Ayuba?"

"Da wannan. Kofi babba, kowace safiya."

Ta ce wannan yauƙin yana iya riƙe magani a ciki, ya hana shi shiga jini yadda ya kamata. Ba ta rantse cewa shi ne ba, ta ce a gwada: ƙwaya da ruwa zalla da safe, hulba sai rana ta yi, a riƙa zuwa awo.

"To ai ni ce maganin abin," in ji Inna Hajjo. "Ƴar nan, bar mini shi."

Daga ranar ba ta ƙara sayar masa da safe ba. Ya roƙa, ya aiko ni in saya masa, ta kore ni da ludayi. Kowane direba ya miƙo kofi sai ta tambaye shi ko yana shan ƙwayar asibiti. Wasu suka ji haushi suka daina zuwa. Ba ta kula ba.

Awo ya fara sauka. Ranar da mai motar ya mayar masa da makulli, tashar nan ta ɗauki sowa, aka yi ta danna ham, wani ya ɗaga Ayuba sama har hularsa ta faɗi cikin ruwan facina. Ni da ba na rawa sai da na taka.

Bayan damina ƴar Inna Hajjo da ke aure a Maraɗi ta ce ta koma wurinta. Ayuba ne ya ɗauke ta, da tukwanenta a bayan mota. Kafin ya tayar, ta zuba masa ruwa daga butarta, ta tsaya a kansa ya haɗiye ƙwayar, ta sa ya buɗe baki ta duba, sannan ta hau gaba ta ja ƙofa.