Saiwar da Na Cusa wa Yayana a Tsaga

Wanzami ne ni a lokacin, a wani ƙauye na Dogarawa, na gaji aska da ƙaho daga ubana, kuma kaina ya fi zabirata girma. Duk Juma'a ina yi wa wani baƙo aski, makanikin injinan gyaran hanya kusa da Malbaza, mutumin duwatsun can bayan Indiya. Rannan na yi masa kukan gwiwoyin yayana, da sanyin ƙashi ya hana shi duƙawa ga shuka ta matso. Ya ɗauko saiwa uku baƙaƙe, busassu, kamar ƙananan karas. Ya nuna mini hoton ganyen a waya, furen shuɗi ne, ya rufo kamar hular sanyi. Ya ce sai kan dutse mai ƙanƙara take fitowa, an kusa ƙarar da ita da haƙa, kuma a wurinsu sai an wuni ana dafa ta kafin dafinta ya karye. Tashi saiwar kuwa ba a dafa ta ba. A jiƙa kaɗan cikin mai a shafa a lafiyayyar fata, kada ta taɓa baki, kada ta taɓa buɗaɗɗen miki. Sau uku ya faɗa.

Kada wani ya ce ban ji ba, na ji sarai. Raini ne kawai. Na ce a raina mai baƙin mai a farce ne zai koya mini magani? A gidanmu maganin da bai gamu da jini ba kwalliya ce. Da hantsi na zaunar da yayana gindin itacen bedi, na kafa masa ƙaho, na yi tsaga shida a kowace gwiwa, na daka saiwa guda na cusa garin da babban yatsa. Tsofaffi huɗu na zaune sun naɗe wando suna jiran layi, suna ta yaba hannuna. Da ya ce leɓensa na yi masa kamar tururuwa na tafiya, harshensa ya mutu, na ce aiki ne maganin ke yi, na ƙara masa. Wallahi na ƙara masa! Sai amai, sai gumi mai sanyi. Muka ɗora shi amalanke zuwa bakin kwalta, taksi ta kai mu asibitin Konni.

Likita ta juya sauran saiwar a hannu, ta dube ni kamar ta mare ni. Ta ce dafin sunansa akonitin, in ya shiga jini yana rikita bugun zuciya, kuma ba shi da makari, sai dai su tallafi zuciyar ko za ta jure. Ba ta jure ba. Hankalinsa bai gushe ba har ƙarshe. Da jandarma ya zo tambaya, yayana ya tattara numfashi ya ce shi ya matsa mini, kada a taɓa ƙanensa. Ƙarya ya yi domin ni, kafin la'asar ya cika.

Yau tsofaffin nan huɗu su ne kan gaba wajen kirana mai kisa, munafukai, kamar ba su suka naɗe wando ba. 'Yan'uwana wanzamai kuwa sun aiko mini in ce ajali ne in yi shiru, kada in ɓata sana'a. Sana'ar banza! Nawa ne cikinku ke cusa wa mutane garin da ba su san uwarsa ba, don kawai an ce daga waje ya zo? Ku nake yi wa wannan rubutu, ku ji haushi in kun so. In mai magani ya ce kada ya taɓa jini, to kada ya taɓa, ko da mai shara ne ya faɗa muku. Ku kuma masu miƙa jiki, ku tambayi sunan abin kafin aska ta sauka. Yayana bai tambaya ba, don ni ne.