Ragon da Na Kai Don Hana Yaƙi na Biyu

Tun farko in faɗa muku, wawan labarin nan ni ne. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, amma ina da rediyo. Nan na ji wani masani yana cewa yaƙin duniya na farko shi ya haifi na biyu, don an wulaƙanta wanda aka kayar wajen sulhu. Nan take na tuna da nawa yaƙin. Shekarun baya shanun wani Bafillace, Jauro Hamma, sun shiga gonar tattasaina a bakin kogin Komadugu, muka gwabza da sanduna, bulama, mai garinmu, ya ƙwace masa dabba ya ba ni. Ke nan na biyu yana tafe, ga tattasan bana ya fara ja. Na ce sai na mayar da dabba kafin a kawo hari.

Diffa

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da asuba, na ja rago zuwa tasha. Direba ya ce, "Baba, na suna ne?" Na ce, "Na hana yaƙin duniya ne." Ya ɗaure ragon bisa mota, ya dube ni kamar yana auna ko igiya za ta ishe mu biyu.

A shingen jandarma an duba katina, aka ce ina takardar rago. Na ce jakada ne. Jandarma ya ce, "Tsoho, jakadanka yana fitsari kan fasinja. Ku wuce."

Mainé-Soroa

Kilomita saba'in da 'yan kai, muka iso ƙarfe takwas da kwata. Na sayi dabino, jakada ya cinye har da leda. Motar daji ba ta cika ba sai azahar.

N'Guelbély

Da la'asar na sami rugar Jauro. Ya shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Bai gane ni ba. Na ce na kawo rago ne don kada a sake yaƙi. Ya ce, "Wane yaƙi, baƙo?" Na tuna masa dalla-dalla, har inda sandata ta sauka. Ya shafa ƙeya.

"Ashe kai ne! Shekara da shekaru ina zargin ƙanena. Kuma ba rago aka karɓa ba, tunkiya ce mai ciki. Ina 'ya'yanta da jikokinta, kai Babarbare?"

Mu Barebari wasa ke tsakaninmu da Fulani, sai na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗaure ragon ya ce, "Da rani shanuna za su sauko Komadugu su gaida tattasanka."

Gida

Washegari da magariba na shiga gida lafiya, godiya ga Allah da direban da bai ɗaure ni ba. Na ce wa matata Falmata, "Kin gani? Masanin ya yi gaskiya, na biyu ba makawa."

Ta ce, "Malam, yaƙi yana barcinsa a ruga, kai ka shiga mota biyu ka je ka tashe shi, har da kai masa guzuri."